Tabon Mai Shayi

A tasha akwai wata mai shayi, gajeruwa, dariya ba ta yi mata wuya. Tabon ƙuna ya malale mata hannun dama, fatar ta tattare tana sheƙi. Ina jin tun tana rarrafe ta same shi.

Rannan na karɓi shayina ke nan, sai ga wata yarinya ta kifo wa kanta shayi a hannu, tana tsala ihu. Uwar na cewa, "A kawo ƙwai!"

"A'a, 'yar uwa, ruwa kawai." Mai shayin ta tara hannun a famfo, tana lallashinta har shayina ya huce. "Ni ƙwan aka fasa min, kin ga adon da na samu."

Yarinyar ta bar kuka, tana shafa tabon da ɗaya hannun. Matar ba ta janye ba.