Muryar Tsohuwa a Ɗakin Malam

Ko zan manta da komai na farkon aurena, akwai abu ɗaya da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba, shi ne lokacin da saura ƙiris a kai mijina gidan turu, wurin ɗaure mahaukata, saboda rubutun littafi. Yanzu in na ba jikokina labarin, tun ban yi nisa ba suke fara ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa a lokacin, wallahi, ko tuwo ba na iya ci.

A farkon shekarun saba'in ne, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, aka kawo ni daga Tsafe zuwa Tudun Wada a Gusau. Mijina malamin firamare ne, mutumin Bungudu. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka. Mutum ne mai sanyi, ba faɗa, ba yawon majalisa. Gidan haya muka kama mai ɗaki biyu, ɗaya nawa, ɗaya nasa. Abin da na lura da shi tun farko, da ya dawo daga sallar La'asar sai ya shige ɗakinsa ya turo ƙyaure, ba zai fito ba sai an kira Magariba. Na ɗauka aikin 'yan makaranta yake dubawa, ga kunyar amarci, sai ban tambaya ba.

Ran nan ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji muryar tsohuwa daga ɗakin nan. Tsohuwa tukuf, murya tana rawa, tana cewa kada a rufe ƙofar gida, yaro yana hanya. Na ajiye rariya. Ta ina tsohuwa ta shigo ban gan ta ba? Na lallaɓa na leƙa ta tsagin ƙyaure. Ba kowa sai Malam, ya duƙa a bakin gado ya dafe ƙugu, maganar daga bakinsa take fitowa. Can sai ya miƙe ya koma wajen taga, ya haɗe rai, ya amsa wa kansa da kakkausar muryar namiji cewa a rufe, wanda ya tafi ya tafi. Daga nan ya zauna ya yi ɗan rubutu, ya karanta a fili, ya yi tsaki, ya soke, ya sake komawa bakin gado ya duƙa. Ban san yadda na gama girkin ran nan ba.

Da Magariba ya fito lafiya lau, ya yi alwala, har da yi mini ba'a wai gishirina ya yi yawa. Abin ya ƙara ruɗa ni. Kullum haka, kullum haka, ni kuma kullum ina bayan ƙyaure ina sauraro. Wata rana ma kuka na tarar yana yi, kuka na gaske, babba da shi. Na riƙa tofa addu'a a ruwan shansa a ɓoye. Ban gaya wa kowa ba, don ina son mijina, kuma na san in maganar ta fita ba za ta dawo ba.

Sai ga Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta zo daga Bungudu ganin likita a kan ciwon gwiwa, ta sauka a ɗakina. Na so in ja ta zuwa maƙwabta da La'asar, ta ce ƙafarta ba ta zuwa ko'ina. Muna zaune kan tabarma kuwa tsohuwar ɗaki ta fara. Goggo ta saki kofin hannunta, ta damƙe mini wuyan hannu har na ji zafi.

"Ɗiyata, tun yaushe?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Tun da na zo, Goggo."

"Innalillahi! Wagga murya na san ta. Muryar uwarsa ce, marigayiya. Haka take faɗi, ba ragi ba ƙari."

A nan ta ba ni labarin da ba wanda ya taɓa ba ni. Malam yana da wa, wanda ya shiga soja lokacin yaƙi ba da son Baba, mahaifinsu, ba, suka rabu baram-baram. Tun da ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba shi ba gawarsa. Uwarsu ta yi ta jira har ta koma ga Allah, Baba kuma ya hana a ambaci sunan yaron a gidan. Goggo ta ce wannan ba ƙaramin aljani ba ne, tunda har ya ari muryar matacciya. Washegari ko asibitin ba ta koma ba, ta kama hanyar Bungudu.

Magana kuwa ba ta da wuyar tafiya tsakanin kasuwanninmu. Kafin mako ya zagayo, yayana ya zo daga Tsafe da saƙon mahaifina: in abin da aka ji gaskiya ne, in tattara kayana, ba zai bar 'yarsa hannun mai taɓin hankali ba. A ranar kuma saƙo ya zo daga Bungudu, Baba yana neman mu ran Asabar, mu biyu. Sai na ajiye kunya gefe, na tura ƙyauren nan na shiga.

"Malam, don girman Allah, su wa kake magana da su?"

Ya dube ni sakare, sannan ya fashe da dariya. Ni kuma na fashe da kuka. Da ya ga abin ba wasa ba ne, ya zaunar da ni ya ce littafi yake rubutawa, ƙagaggen labari. Ya ɓoye ne don a ganin Baba wannan aikin banza ne, ƙarya ce kawai aka sa mata tawada. Ya ce shi hanyarsa ke nan, ba ya rubuta magana sai ya faɗe ta da bakinsa kunnensa ya ji. In ta yi masa nauyi a baki, to, mai karatu ma ba zai yarda da ita ba. Kowane mutum na cikin labarin yana da wurinsa a ɗakin, tsohuwa a bakin gado, mijinta a taga, ɗansu a bayan ƙofa, kuma sai ya tsaya a wurin mutum yake jin abin da mutumin zai ce.

Na ce, "To, kukan fa?"

"Ƙoƙari nake in dawo da yaron gida, ya ƙi."

"Ya ƙi? Ba kai ka ƙago shi ba?"

"Ni na ƙago shi, amma yanzu ba ya jin maganata."

Jama'a, ku ji mini bayani! Wai hankalina yake son kwantarwa. Na riƙe gefen rigarsa na roƙe shi, ko me zai faɗa a gaban Baba, ban da wannan. Ya ce shi ba zai yi wa mahaifinsa ƙarya ba. Na ce a raina, mutumin da yake zama ya ƙaga mutane sukutum, yau shi ne ba ya ƙarya.

Ran Asabar muka hau akori-kura zuwa Bungudu, yana rungume da takardunsa, ni ina ta salati a zuci. Tun daga zaure na gane abin da aka shirya. Ƙarti biyu daga cikin 'yan uwansa suna zaune ba fara'a, ga wani baƙon dattijo da jakar fata da igiya a gefensa. Ba sai an gaya mini ba, mai gidan turu ne, inda ake sa ƙafar mahaukaci cikin gungume har sai ya lafa. Na taɓa ganin wanda ya fito daga irin wurin nan a Tsafe, ya fito ba ya iya haɗa ido da kowa.

Aka shiga da mu ƙarƙashin rumfa. Baba yana kan buzunsa, Goggo a gefe, ni na raɓe a bayanta na ja mayafi. Malam ya durƙusa ya yi bayani, ya miƙa takardun. Baba ba ya karatun boko, sai ya juya su kawai. Goggo ta leƙa ta ce, "Ku duba! Duk abin da ya rubuta ya soke. Mai hankali ke haka?" Gaskiyarta kuwa, abin da aka soke ya fi abin da aka bari yawa.

Baba ya ce, "Mutanen ga, kana jin su?"

"Ina jin su, Baba."

"Suna bin abin da ka ce?"

"Wani lokaci ba sa bi."

Na runtse ido. Dattijon nan mai jaka ya gyaɗa kai, ya ce ai irin su da yawa ya gani, su ne masu magana a natse. Baba ya yi ajiyar zuciya ya dubi ƙartin nan biyu, suka fara gyara zama. Na ga aurena yana ƙarewa a gabana: shi a turu, ni a motar Tsafe.

A wurinmu matar ɗa ba ta buɗe baki a gaban suruki, balle amarya. Har yau ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Sai dai na ji muryata tana cewa, "Baba, ku gafarce ni. Na daɗe ina sauraronsa a bayan ƙofa. Da an kira Magariba yake yin shiru, gobe kuma ya ɗora daga inda ya tsaya. Ni ban taɓa jin haukar da take jiran gobe ba. Ku bar shi ya faɗi labarin tun daga farko, in bai haɗu ba, ku yi yadda kuka ga dama." Ina gamawa na sake jan mayafi na rufe fuska. Gaskiya ni kaina sai a lokacin na lura da abin da na faɗa.

Baba bai dube ni ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce wa Malam, "Bismilla."

Malam ya miƙe. Ya mai da turmi wurin tsohuwa, ginshiƙin rumfa wurin mijinta, bakin ƙofa wurin yaron. Ya fara tun daga ranar da yaro ya ce zai tafi soja, uban ya ce in ya taka ƙofar nan kada ya sake takowa. Da farko kowa ya ɗaure fuska. Sannu a hankali matan gida suka fito daga ɗakuna suka tsaya, ƙartin nan suka saki jiki, dattijon ma ya ture jakarsa gefe ya tallafe haɓa. Labari ya yi ta tafiya, kowace gaɓa tana riƙe da 'yar uwarta, har ya kai inda yaƙi ya ƙare, tsohuwa ta kwanta ciwo, yaron kuma ya iso tashar Gusau da sanda, ƙafa ɗaya ta lalace. Kullum sai ya zo ya tsaya gaban motar garinsu, ta cika ta tashi yana kallo. A nan Malam ya yi shiru.

Goggo ta ce, "To, ya shiga mana! Uwarsa na kwance!"

"Ya ƙi shiga, Goggo. Nan na tsaya."

"Kai ka sa shi ya shiga! Wane irin taurin kai ne wanga?" Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta. Sai kuma ta ji abin da take faɗa, ta toshe baki da mayafi. Ba wanda ya yi dariya.

Baba ya juya ya ba dattijon nan haƙuri, ya ce a raka shi zaure a ba shi fura. Da suka fita, ya dubi Malam ya ce, "Don mi ka ɗauki muryar uwarka?"

"Baba, ban san muryar wata uwa mai jira ba sai tata."

"Mutumin jikin ginshiƙin fa, muryar wa ka ba shi?"

Malam ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira daga turu mun faɗa fushin uba. Baba ya shafa gemunsa. Da ya yi magana, da ƙyar muka ji shi.

"Yaron ga ba zai shiga mota da kansa ba. Ba nauyin uwarsa yake ji ba. Ka sa ubansa ya tashi ya tafi tasha, ya kamo hannunsa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka sa shi ya yi sauri."

Malam ya durƙushe a gabansa yana kuka, Baba ya dafa kansa. A yammacin nan, bayan sallah, Baba da bakinsa ya ambaci sunan babban ɗansa ya yi masa addu'a, gida duka muka shafa. Washegari muka koma Gusau tare, na aika Tsafe a gaya wa mahaifina ina ɗakina lafiya. A littafin, uba ya je tasha, sun kuma iske tsohuwa da rai. A zahiri kuwa har Baba ya rasu ba wanda ya dawo.

Abin da na koya ran nan, kada ka yanke wa mutum hukunci da guntun abin da ka ji, ka bar shi ya faɗa tun daga farko. Na kuma gane cewa marubucin labari ba don ya rasa aikin yi yake ƙaga mutane ba. Sau da yawa maganar da aka hana faɗa a gidansu ce yake nema wa baki.