Tabar Baba a Firigo

Ranar da Baba ya cika shekara da rasuwa, ina goge firigo a gidanmu na Greensboro sai na ci karo da robar tabar shisharsa a bayan ƙullin daddawa.

A Libiya ya koyi shan shisha. Bayan la'asar yakan zauna a barandar baya ya buɗe robar, ƙamshin tuffa ya cika gidan. A kabad yake ajiye ta, murfi a rufe gam. Wata rana ana tsananin zafi na ce a sa ta a firigo. Ya yi dariya ya ce, "Taba ba nama ba ce, 'yata. Sanyi yana daskarar da zumarta. In kin fito da ita sai ta yi gumi, ƙamshin ya gudu."

Na kai wa Mama robar. Ta ce, "Ni na sa ta ranar sadakar uku. Ina tsoron ƙamshinsa ya ƙare."

Ta buɗe ta shinshina, ta sake shinshinawa. Babu komai sai warin daddawa. Ta rufe, ta mayar da ita kabad, inda yake ajiye ta.

Allah ya jiƙan Baba, ya cika kabarinsa da ƙamshin Aljanna. Mama kuwa, Allah ya ba ta haƙuri.