Ƙofar Masallacin Kara Ta Haɗu, Mijinyawa

Ta haɗu, Mijinyawa! Wallahi ƙofar ta haɗu! Jiya da hantsi aka kafa ta, zanenka ya shiga cikin nawa kamar hannu ɗaya ne ya sare su. Na juya in gaya maka, sai na tuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha biyu ga Sha'aban na wannan shekara ta 2003, Allah Ya karɓi ran Malam Mijinyawa masassaƙi, na Masanawa ta ƙasar Kabo. Ni Datti na Kara, abokin sassaƙarsa tun muna samari, ni ne na rubuta wannan da bokon da na koya a ajin yamma bayan na yi jikoki.

Kai bahago ne, ni da dama nake sara. Shi ya sa kowace ƙofa muke raba ta biyu: ɓarin hagu a gidanka, ɓarin dama a nawa. Igiya ɗaya mukan yanka gida biyu mu yi awo, kuma ba mai leƙa aikin wani sai ranar kafawa. In na ce mu gwada tukuna, sai ka ce, "Datti, tsoro ne ko tsufa?"

Da can tsuntsaye da raƙuma muke sassaƙawa, 'yan kasuwa su kai Kano. Lokacin tsuke bakin aljihu masu saye suka ɗauke ƙafa, ka koma yin turmi da taɓarya. Matan da mazansu suka rasu a Masanawa sun san turamen da suka shiga gidajensu ba a ce su kawo komai ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, malamai suka yi mana nasiha kan siffar abu mai rai, na zauna jugum kamar an yi mini mutuwa. Ka zo a kekenka kana dariya, ka ce, "Raƙuma ne suka ƙare, maɗaci yana nan. Tashi." Daga ranar muka kama ƙofofi.

Ta masallacin Kara ita ce ta ƙarshe. Bayan rasuwarka, da na je ɗauko ɓarinka a amalanke, Hajiya Asta, mai ɗakinka, ta yaye buhun da ka rufe shi. Saura taƙi ɗaya daga ƙasa ba ka sare ba, itacen sumul.

Alhaji Bappa, mai kula da ginin, ya ce, "Malam Datti, azumi ya ƙarato. Ko ka cike masa, ko mu sa ta ƙarfe."

Na ce, "Alhaji, hannun dama ba ya yin saran bahago. In na taɓa, na ɓata masa."

"To ƙofa mai giɓi za mu ba ɗakin Allah?"

Liman ne ya raba mu. Ya ce a ɗaga a gani: in zanen ya haɗu a tsakiya, ta zauna yadda take, in bai haɗu ba, a kira mai walda. Ban taɓa ganin ɓarin nan biyu a jere ba. Aka ɗaga su, aka kafa.

Aka rufe. Kowane layi ya sami ɗan'uwansa, tun daga sama har inda gizagonka ya tsaya. Jama'a suka yi kabbara, jikokina suna tsalle, ni ina dariya hawaye na zuba. Alhaji Bappa ya shafa giɓin ya ce, "A bar masa."

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka, Ya buɗe maka ƙofar Aljanna. Hajiya Asta, 'yarka Fatsuma da ƙannenta, da dukkan mutanen Masanawa, Allah Ya ba mu haƙuri.

Jama'ar Gwarzo da Kabo, ku zo Kara ranar Juma'a ku gani da idonku! In kun zo, ku sunkuya ku dubi ƙasan ɓarin hagu, ku yi masa addu'a a wurin.