Zobe Uku a Sarƙar Sa'idu

Ranar Alhamis mai zuwa za a cika shekara takwas da muka kai Injiniya Sa'idu makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni dai ban huta ba, kuma dalilin yana rataye a ƙusa a ɗakina a Lugbe: wata sarƙa mai tsatsa, an ɗiga mata jan fenti a kan kowace mita.

Tun makarantar kwana muke tare. Ni na bi aikin tafinta, na zauna Dakar da Jidda da Hambug. Shi kuwa, ɗan bakin kogi ne daga Yawuri, sai ya bi ruwa har teku. Aikinsa auna zurfin mashigar jiragen ruwa a gaɓarmu ta kudu. Na'urar da ke ƙarƙashin jirgin awo tana jefa sauti ƙasa, ya bugi yashi ya dawo, daga lokacin da ya ɗauka a lissafa zurfi. Sai dai gudun sauti a ruwa ba ɗaya ba ne. Ruwan gishiri da nasa, ruwan kogi da nasa, sanyi da ɗumi ma suna canja shi. Saboda haka kowace safiya sukan zura farantin ƙarfe da sarƙa zuwa zurfin da suka sani, su murɗa na'urar har ta faɗi abin da sarƙar ta faɗa. Duk awon ranar a kan gaskiyar sarƙar nan yake tsaye.

Da farar hula suka dawo mulki, aka ɗauko shi aka ba shi tebur a wata ma'aikata a Abuja. Yakan ce an naɗa shi sarkin ruwa a kan dutse. Abin da ya taho da shi daga teku littattafan awonsa ne da wannan sarƙa, wadda ya ajiye a but ɗin mota don tunawa.

Wata rana motata ta mutu a hanyar filin jirgi, ya zo ya ja ni da sarƙar har Apo. Bakaniken da ke kwance ta, wani Ibo mai Hausar kasuwa, ya tsaya yana juya ta a hannu.

"Oga, wannan sarƙa naka an taɓa yanke shi. Wane ne ya yi walda? Bai iya aiki ba sam."

Sa'idu bai yi dariya ba. Ya ari tef ɗin awo, ya shimfiɗa sarƙar a ƙasa tsakanin matattun motoci, ya bi ta fenti bayan fenti. Tsakanin mita ta biyu da ta uku zobe uku sun ɓace. Nan take ya tuna: wata damina sarƙar ta sarƙafe ta tsinke, ma'aikatan jirgi suka kai wa mai walda, aka dawo da ita, ba wanda ya sake aunawa. Shekara uku ya yi yana saita na'ura da ita bayan haka.

Ya zauna a kan taya ya ce, "Alhaji Bello, na yi wa teku ƙarya."

Na ce, "Haba Injiniya, tafin hannu guda a teku? Ko kifi ba zai lura ba."

"Kai ka san Faransanci, ba ka san jirgi ba. In ya yi lodi, wani lokaci abin da ke tsakanin cikinsa da yashi bai fi haka ba."

Ya bayyana mini cewa gajeriyar sarƙa ta sa sun ɗora wa na'urar gudun sautin da ya fi na gaskiya. Ke nan taswirar da ke ɗauke da sa hannunsa tana nuna ruwan ya fi yadda yake zurfi, kuma kuskuren na ƙaruwa yayin da zurfin ke ƙaruwa.

Daga wannan mako ya ƙwace teburin cin abinci na gidansa. Matarsa, Hajiya Rabi, ta gaji da magana ta koma shimfiɗa tabarma. Layi bayan layi yake bi: ya cire gudun ƙarya, ya sa wanda ya dace da ɗumi da gishirin da ya rubuta a ranar, sannan ya gyara yadda jirgin awo ke nutsewa in tankinsa cike yake da yadda yake tasowa in mai ya ragu. Lambobi dubbai. A waje kuwa Abuja tana ta tashi, bene kan bene, abokan aikinsa suna zancen filaye, shi yana faman rage wa teku zurfi da fensir.

Abin da ya fi damuna ba kuskuren ba ne. A Hambug na ga ofishin tashar ruwa yana manna gyare-gyaren taswira a bango kamar jadawalin jirgin ƙasa, ba wanda ya sunkuyar da kai. A Jidda na san wani tsohon matuƙi da taswirarsa ta yi baƙi da gyaran fensir, kuma da ita yake alfahari. Mu a nan, wanda ya kawo gyara ya kawo ƙarar kansa. Da Sa'idu ya kai kashin farko, daraktansu ya dube shi ya ce, "Injiniya, wa ya tambaye ka? Jirgi ya taɓa kafewa a wurin?"

Ya ce, "Bai kafe ba tukuna, ranka ya daɗe."

Saura littafi ɗaya ya gama ciwo ya kwantar da shi. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kai." Na kai wa ma'aikatar kwafin gyaran, sau biyu. Aka buga hatimi, aka ce fayil yana sama. Daga nan, in faɗi gaskiya, na saki. Na je Umara, na aurar da 'ya'ya, na gaya wa kaina ai na sauke nauyi.

Watan jiya, a wajen wani suna a Nyanya, na zauna kusa da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jagorantar jirage a waccan mashiga. Da na ambaci wata kwana a mashigar, wadda Sa'idu ya fi jin tsoro, sai ya yi murmushi. Ya ce su tsofaffi sun daɗe da sanin takarda ta fi ruwan wurin zurfi, shi ya sa sukan jira teku ta ciko. Na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa yanzu sun kusa ƙarewa. Yaran da suka gaje su allon kwamfuta suke kallo, kuma a iya saninsa tsofaffin lambobin aka kwafe aka zuba a ciki. Jiragen kuma kullum ƙara girma suke, ga siminti, ga shinkafa, ga motocin da muke cika titunan Abuja da su.

Tun ranar nake tambayar kaina me Sa'idu zai ce da wannan zamani. Na san zai so sababbin na'urorin, mutum ne mai son abin zamani. Zai shafa allon, ya yaba kyan launinsa, sannan ya tambaya da wace sarƙa aka gwada shi.

Bai bar gida a Maitama ba, ba a sa wa titi sunansa ba. Abin da ya bari littattafai ne da rubutun mutumin da ya kama kansa da kuskure ba wanda ya gan shi, ya ƙi yafe wa kansa har ya mutu. Wannan nasa ne, ya tafi da shi cikakke. Ragowar tawa ce. Littattafan suna wurina, na ƙarshen bai kammalu ba, ni kuma harsuna na iya, ban iya lissafin ruwa ba. In akwai mai awon teku da ke karanta wannan shafi, editan ya san gidana. Ya zo ya gama, mu kai tare, wannan karon har bakin ruwa, hannun masu tuƙi.

Yau da safe na sauke sarƙar na sake aunawa, ko Allah ya sa bakaniken Apo ne ya ruɗe mu. Zobe ukun nan har yanzu babu su.