Bargo a Kan Murjanin Alhaji Sabo

Har na ajiye aiki ban manta da wata Laraba ta tsakiyar bazara ba, ranar da na zauna a gidan makoki bakina yana addu'a, hankalina kuwa yana kan wani akwatin gilashi da aka lulluɓe da bargo. Ku da kuka shigo sashen kiwon kifi a bayanmu kun san ni da tarwaɗa da karfasa ne kawai, shi ya sa nake so ku ji wannan.

A lokacin ina mataimakin jami'in kiwon kifi a Gwaram, wato mai bin kududdufan manoma yana duba lafiyar kifi da ta ruwa, ya dawo ya gaya wa shugaban sashe abin da ya gani. Shekarun da sola ta fara hawa rufin gidajen masu hali ne a Jigawa. A Birnin Kudu akwai wani mai motocin haya, Alhaji Sabo, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar wuri ɗaya. Ɗansa da ke aiki a ƙasar waje ya sa aka kafa masa akwatin gilashi a falo, tsawonsa kamar gadon mutum ɗaya, aka cika shi da ruwan gishiri irin na teku don ya sami abin kallo. Wanda ya zo daga Legas ya haɗa shi ya nemi mai dubawa, aka rasa kowa sai ni. Ya koya mini abin da ya sawwaƙa, shugabanmu kuma ya yarda in riƙa zuwa ranar Asabar, tunda ba ranar ofis ba ce.

Kifayen ciki 'yan kaɗan ne. Abin da ya cika akwatin murjani ne, amma ba jan dutsen nan da mata ke ratayawa a wuya ba. Wannan mai laushi ne, mai rai, wani kamar laimar kwaɗi, wani kamar yatsun jariri, har wanda bai sani ba ya ɗauka furanni ne. Dabba ce da ba ta tashi daga inda take. Ruwa ne ke kawo mata abinci da iska, ruwa ne ke ɗauke dattin jikinta. Saboda haka akwai babban inji a ƙasa mai zagaya ruwan, da ƙanana biyu masu farfela manne a jikin gilashi, dama da hagu, suna turawa karɓa-karɓa. In ka saita farfela kai tsaye a kan murjani, sai ya tsuke ya ƙi buɗewa har fatarsa ta saɓule. In kuma ruwan ya tsaya cik, yauƙin da yake fitarwa ya kwanta masa, iska ta ƙare, ya fara ruɓewa, kuma ɗaya in ya ruɓe yana zuba wa sauran guba. A zafin bazara, rabin yini ya isa a rasa komai.

Da asubar Larabar nan Alhaji ya rasu, aka yi jana'iza da hantsi. Ni ban ji ba, ina ofis. Gab da azahar wayata ta yi ƙara, na ji muryar matarsa, Hajiya Rabi, a shaƙe. Na yi salati, na fara yi mata ta'aziyya, sai ta katse ni.

"Malam Haruna, sun kashe injinan. Tun kafin a fita da shi. Yaya Inuwa ne ya ce a rufe."

"Hajiya, a rufe da me?"

"Da bargo. Ni ka san ba ni da ikon fita, falon cike yake da maza. Shekara biyu tare muke ba su abinci, ni da shi. Don Allah kada su bi shi rana ɗaya."

Ƙa'idar aikinmu ba ka barin ƙaramar hukuma a ranar aiki sai da izinin shugaban sashe, don haka na same shi yana shirin alwala. Na ce, "Yallaɓai, rasuwa aka yi mini a Birnin Kudu, kuma akwai wata tana tafe in ban hanzarta ba." Da na yi masa bayani ya dube ni kamar na zautu, ya ce, "Kai da furanninka. Je ka, ka yi musu gaisuwa a madadinmu."

Ban taɓa tsanar motar haya kamar ranar ba. Direba ya rantse ba zai tashi ba sai ta cika, ya tsaya a kowane ƙauye, har da sauke buhun gero da neman mai shi. Ni kuwa gumi nake, ina ƙiyasta zafin da ruwan ya yi a ƙarƙashin bargo.

Na iso an daɗe da idar da sallar azahar. An kwashe kujerun falo an shimfiɗa tabarmi, fankoki na tsaye suna ta juyi, kuma na gane wayar da aka jona su: ta akwatin ce. A tsakiya Baba Inuwa yake zaune, yayan marigayin, manomi daga Zandam, dattijon da ba a mayar masa da magana. An juya talabijin ta fuskanci bango, an sauke hotuna. A wurinsa akwatin ma cikin kayan ado yake, kuma ba a barin ado yana walƙiya a inda ake karɓar gaisuwar mutuwa. Ban ga laifinsa ba, haka muka tashi muka ga ana yi.

To, amma ta ina zan fara? Ba ka shiga gidan makoki ka wuce dattawa ka nufi soket. Na durƙusa na ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya ce, "Da godiya." Aka shafa fatiha. Na buɗe baki ke nan sai ga tawagar direbobi daga tasha, aka sake sabuwar addu'a. Suna fita 'yan'uwa daga Kano suka shigo. Duk "amin" da na ce a zaman nan, Allah Ya yafe mini, rabinta ta marigayi ce, rabi ta abin da ke cikin bargo. Babu motsin komai daga wajen, kuma shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali.

Da na ga la'asar tana matsowa, na ja jiki har gwiwata ta taɓa tabarmarsa, na rage murya.

"Baba, a gafarce ni, akwai masu rai a cikin bargon can."

"Kifayen? An zuba musu abinci da safe. Ruwa kuma ga shi nan sun ishe shi."

"Ba su kaɗai ba, Baba. Furannin ma."

Ya juyo gaba ɗaya. "Ɗan nan, yau muka binne ƙanena. Ka zo ka yi mini maganar furen roba?"

Mutane suka fara kallonmu. Na ce a raina yau za a kore ni daga gidan mutuwa, abin da ba a taɓa yi wa kowa a zuriyarmu ba. Amma na daure na ce, "Baba, ɗaga gefe ɗaya kawai zan yi ka gani da idonka. In roba ce, in mayar in tafi."

Ya dafa sandarsa ya miƙe. Na yaye bargon, wani ɗumi mai ƙarni ya bugo mu. Ruwan ya yi hazo, kifayen sun taru a sama suna haki. Murjanin duk sun tsuke, sun langaɓe. Na wanke hannu na taɓa ɗaya a hankali, ya ƙara janye jikinsa. Baba Inuwa ya ja da baya.

"Subhanallahi. Ya ji ka?"

"Ya ji ni, Baba."

"Tun safe suna cikin wannan hali, da umarnina?" Ya juya ga matasan gidan. "Ku cire fankokin nan. Mai son iska ya koma gindin darbejiya, can za mu ƙarasa zaman. Kai kuma kunna duka, ka ƙure su."

Nan ma sai da na sake saɓa masa. Na ce jikinsu ya yi laushi, in aka sakar musu ruwa da ƙarfi yanzu zai yayyage su. Ya gyaɗa kai ya ce, "Kamar saniyar da ta wuni da ƙishirwa. Kaɗan-kaɗan." Na kunna babban injin shi kaɗai. Na aika cikin gida aka kawo sabon ludayi, na riƙa kaɗa ruwan a hankali a saman kowanne don yauƙin ya tashi. Da hannuna ya gaji, ban ankara ba sai na ga dattijon ya naɗe hannun riga ya karɓa. Ni kuma na juya farfelun suka fuskanci gilashi, yadda ruwan zai bugi bango ya dawo musu a sanyaye, na kunna su a mafi ƙarancin gudu. Na kwashe wani ɓangare na ruwan na zuba sabon haɗin ruwan gishiri daga jarkokin da nake ajiyewa a sito.

Bayan la'asar kifayen suka sauka ƙasa. Can ƙananan murjanin suka fara fito da 'yan gashinsu suna kaɗawa. Amma babban da ke tsakiya gindinsa ya yi baƙi, yana narkewa a hannu. Dole na yanke shi na fitar kafin ya kashe sauran. Na sa shi a roba zan nufi kwata, Baba Inuwa ya tare ni.

"Ina za ka kai shi?"

"Zubarwa, Baba."

"Mai rai ne ka ce. Kawo." Ya karɓa, ya sa aka haƙa rami a bayan gida aka rufe shi.

Na kira Hajiya a waya daga ƙofar gida na ce sun tsira, sai guda ɗaya. Ta ce, "Wanne?" Na ce babban. Ta ce, "Shi yake fara nuna mini da hannunsa mai lafiya kowace safiya." Sai ta fashe da kuka.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, a aikinmu saita inji shi ne mai sauƙi. Duk abin da kuka kafa a gidan mutum, wata rana mai gidan ba zai kasance ba, kuma wanda zai yanke hukunci a ranar bai taɓa jin bayaninku ba. Mutanenmu ba sa cutar da mai rai da gangan, amma sai sun san mai rai ne. Ku gaya wa dattawan gida tun mai abin yana numfashi.