Ƙuri'a Ɗaya Tal ta Baffa Iliya

Duk wanda ya taɓa shiga motar Baffa Iliya a Riyad ya san layin tsakiya nasa ne. Komai faɗin titi, can zai je ya kafe, na baya su yi ta danna hon, shi ko a jikinsa. In ka ce, "Baffa, mu koma dama mana, ga kwanarmu can," sai ya ce, "Gefe-gefen nan shi ya kashe ƙasarmu." Haka za mu wuce hanyar Manfuha muna kallonta, mu je mu yi zagaye mu dawo.

Yayan mahaifina ne, direba a wani kamfanin gine-gine tun kafin in zo aikin jinya a Malaz. Kuma kun san cutarsa: wata jam'iyya ta can gida, mai cewa ita ba ta tare da masu mulki, ba ta tare da masu zafin kai, tsaka-tsaki take, kowa a bar shi da 'yancinsa. Ba zan kama sunanta ba, ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Wata Juma'a muna kewaye da tiren kabsa, dafa-dukar shinkafar Larabawa, Malam Nura injiniya ya tsokane shi: "Alhaji, to ga tsakiyar tire nan, bismilla."

"Wannan kam Sunna ta hana," in ji Baffa. "Nan kaɗai na yarda da gefe." Sai ya miƙa hannu ya ɗauke cinyar kazar da ke gefen Malam Nura.

Mu kowa yana lissafin ijazarsa, wato hutun zuwa gida, ta faɗo lokacin Salla. Shi kuwa lokacin zaɓe, tunda ba a jefa ƙuri'a daga nan. Ya ishi kafilinsa, Balaraben ubangidansa, da naci har bawan Allah ya ce, "Ya Iliya, kai ne ɗan takarar?" Baffa ya ce, "A'a, ni ne dai mai zaɓen." Ashe gaskiya ya faɗa bai sani ba!

A wancan zuwan ya cika jakunkuna da dabino, jallabiyoyi da turare, ya sauka Funtuwa ya bi dangi gida-gida. Kowa ya karɓa hannu bibbiyu, kowa ya ce, "Alhaji, ai an gama." Mahaifina, ƙanensa Habu, har raka shi ya yi yana taya shi bayani. Da yamma aka zazzage akwatin unguwarmu, jama'a na tsaye ana ƙirgawa da ƙarfi. Aka zo kan jam'iyyar Baffa, malamin zaɓe ya ɗaga takarda ya ce, "Ɗaya!" Ya duba ƙasa, ya duba cikin akwati, ya ce, "Shi ke nan." Wai Baffa ya waiwaya ya ga rabin masu dariyar sanye suke da jallabiyoyinsa.

Sauran duk ya yafe musu, ban da Baba. Daga ranar ya ɗauke masa wuta, shekara da shekaru. Zai kira gida ya gaisa da mata da yara har da maƙwabta, in Baba ya karɓi waya sai ya kashe. Ni na zama ɗan aike. "Ka gaya wa ubanka rufin ɗakin Innarmu yana yoyo." In ce, "Baffa, ga lambarsa fa." Ya ce, "Ba na magana da 'yan adawa."

Da farko dariya abin yake ba ni. Amma ni na raka shi asibiti da ƙafafunsa suka fara kumbura, kuma aikina ne, na san abin da likita yake nufi da ya ce zuciyar ta gaji. Wallahi tsoro ya kama ni. Ba mutuwar kaɗai ba, a ce ya tafi yana gaba da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya a kan takarda mai hoton yatsa. Na roƙa, na haɗa shi da limaminmu, na yi fushi. Ya ce, "Aƙida ce, Sani, ba za ka gane ba."

Abin da liman ya kasa, jam'iyyar da kanta ta yi mana. Wata ranar Asabar bayan la'asar na same shi zaune a tabarma ya ƙura wa waya ido. Bidiyon shugabanninsu ne a dandali, sun canza huluna, suna rungumar mutanen da suka shekara goma suna zagi. Shugaban har da cewa ya dawo gida.

"Sani, wannan ba shi ne ya ce gara ya mutu da ya haɗa kai da su ba?"

"Shi ne, Baffa."

"To ga shi da ransa, har ya yi ƙiba." Sai ya turo mini wayar. "Kira min ubanka."

Na danna lambar na miƙa masa. Baba ya ɗauka, Baffa ko sallama bai tsaya yi ba: "Habu, ashe ka fi ni hankali. Wa ka zaɓa ranar nan?"

"Yaya, ni fa ban yi zaɓen ba ma. Layin ya yi tsawo, na tafi cin waina."

"Waina?! Shekarun nan duk a kan waina nake fushi?"

Suka kwashe da dariya, can kuma na ji muryar Baba ta karye. Na fita na ba su wuri, na tsaya a bakin bakala, shagon unguwar, ina share ido, Bangalin mai shagon yana tambayata ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, rabon da in ji sanyi a raina haka har na manta.

Bai kai Salla babba ba. A nan Riyad muka yi masa sutura. Da na kira Baba in faɗa masa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, jiya ma mun yi hira."

Allah Ya jiƙan Baffa Iliya, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa. Mu kuma kada Ya ɗauke mu da nauyin ɗan'uwa a zuciya. Amin.