Darmar Alkasum

A unguwar Zango ta Damagaram ba a san shi da wani suna ba sai Alkasum Mai Darma. Siririn mutum ne, kullum a kan keke, da jakar fata a kafaɗa. A cikin jakar akwai agogon aljihu, da ƙwan wuta guda na gwaji, da awartaki, da 'yan ƙwayoyin darma kamar wake. Da waɗannan ya ci abinci, da su ya yi suna, kuma ta kansu ya gamu da baƙin cikin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah.

Lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya fara shiga gidajen attajiran Damagaram, 'yan shekaru kafin mulkin kai, masu gidajen haya suka riƙa sa wa kowane ɗaki ƙaramin kwantar nasa, wato mitar auna wuta, don kowa ya biya iyakar wutar da ya sha. Aikin Alkasum shi ne ya tabbatar kwantar bai cuci kowa ba. Sai ya kashe komai, ya kunna ƙwan gwaji, ya tsura wa faifan da ke juyawa ido, agogo a hannu, yana ƙirga sau nawa jan ɗigo ya wuce. In ya zo daidai, ya zura waya ya matse darma da awartaki, tambarinsa ya fito raɗau. In bai zo ba, ya kwance shi ya kai biro, wato ofishinsu, ko na wane ne. Har magana ta bi gari, in ana gardama a kasuwa sai ka ji wani ya ce, "Kai, maganata darmar Alkasum ce."

Sau ɗaya tak ya matse darma bai ƙirga ba.

Gidan Mala Modu ne, wani dattijon Babarbare mai fataucin fatu, aminin mahaifinsa. Shi ya riƙe Alkasum da uban ya rasu, shi ya sa shi lakwal ya yi boko, shi ya yi masa aure. Mala ya sayo tsofaffin kwantar huɗu a wata tafiya, ya sa aka ɗaura wa 'yan hayarsa. Ranar dubawa yana zaune a zaure da abokansa. Alkasum ya durƙusa ya gaishe su, ya ciro agogo. Sai Mala ya yi dariya ya ce, "Af, ɗana, yau tiyata za ka sake aunawa?"

Wasa yake yi, wallahi. Amma a ƙasar nan in babba ya auna maka hatsi da tiyarsa, ba ka sake aunawa a gabansa, don daidai yake da ka ce masa maƙaryaci. Abokan suka kwashe da dariya. Alkasum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya mayar da agogo aljihu, ya bi kwantar huɗun nan ya matse musu darma, ya sha furar da aka kawo masa ya tafi. Mun taso mun ji ana cewa kunya ado ce, ban musa ba. Sai dai akwai kunyar da mai ita ke yin ado, wani can ya ɗauki nauyinta.

Wanda ya ɗauki wannan shi ne Tahiru, wani maɗinkin riguna mutumin ƙauyen Guna. Ɗakin ƙurya ya kama, wanda ba shi da taga, don kawai akwai kuran, da yake idonsa ya fara rauni kuma aikin aska takwas ba ya son duhu. Wata ya ƙare, aka ce wutar da ya sha ta kusa ninka ta maƙwabtansa. Ya je ya tsaya gaban kwantar, ya ga darma da tambari. Ya ce, "To, ashe ni ne mai ɓarna." Ya kashe ƙwan, ya kunna aci-balbal, ya ci gaba da ɗinki.

Wata rana Alkasum ya leƙa ya same shi a duƙe, hanci kusan a kan riga. Ya ce, "Malam Tahiru, ga wuta kana zaune cikin hayaƙi?"

Tahiru ya ce, "Wutar nan ci gare ta, Malam Alkasum. Ta fi ƙarfina."

Alkasum ya tuna da darmar da ya matse bai ƙirga ba. Ya ce a ransa zai dawo ya ƙirga ranar da Mala ya yi tafiya. Mala ya yi tafiya ya dawo, ya sake yi ya dawo. Kullum sai gobe, don kwance darmar da ya matse da hannunsa tona wa kansa asiri ne. Kafin shekara biyu ta cika, Tahiru ya tattara allurai ya koma ƙauye.

Shekarar mulkin kai aka ba da umarni a sake duba kowane kwantar a gari. Lokacin Mala Modu ya rasu. Alkasum ya shiga gidan, ya ƙirga uku suka zo daidai. Na ɗakin ƙurya kuwa, inda ya kamata faifai ya zaga sau goma, sau goma sha tara ya zaga. Lalatacce ne tun daga inda aka sayo shi, Mala kansa bai sani ba. Alkasum ya zauna a ƙasa da agogo a hannu ya yi kuka.

Ranar Lahadi ya hau keke har Guna. Ya sami Tahiru a gindin gawo, idanu sun yi fari fat, yana lalube yana yi wa wani wando faci. Da Tahiru ya ji sunan baƙon sai ya washe baki, ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Indo, kawo ruwa! Ga mutumin da nake ba ku labari, wanda darmarsa ba ta ƙarya."

Alkasum bai iya shan ruwan ba. Ya faɗa masa komai, tun daga maganar tiya har zagaye goma sha tara.

Tahiru ya shafa facin da yatsa. Can ya ce, "Da ka ƙirga, Mala zai ji kunya ta yini ɗaya." Sannan ya ƙara da cewa, "Na yafe maka, duniya da lahira. Abin da Allah ya rubuta ne."

Sai ya miƙo allura da zare ya ce, "Tunda ka zo, zura mini. Indo ce ke yi, ga shi tana daka."

Alkasum ya karɓa, ya ɗaga allurar sama wajen haske. Rana tsaka ce, babu ko gajimare, amma hawaye ya hana shi ganin kafar. Tahiru kuwa yana nan da hannu a miƙe, yana jira.